Ilu Tela da Ranar da Muka Rufe Hanyar Makka

Ni dai ban taɓa ganin mutumin da son labarin duniya ya kama kamar Ilu Tela ba, kuma na zauna da masu ilimi, har da waɗanda suka ƙetare teku suka dawo suna magana ta hanci. Shagonsa yana Fagge, a bakin hanyar da ke gangarawa Kantin Kwari, ɗan ɗaki ne wanda in ya shimfiɗa yadi a tebur sai mai kawo ɗinki ya tsaya daga waje. Gajere ne, ga sanƙo, ga tef ɗin awo rataye a wuya har a masallaci. Bai taɓa zama a ajin boko ba. Amma ka kuskura ka kai masa wando ka ce yaya gari, to ka shirya jin halin da ake ciki a Koriya, da dalilin da ya sa Indiya ta ƙi bin kowa, da abin da Rasha ke nema wanda Amurka ba za ta bayar ba ko sama da ƙasa za su haɗe. Wandonka kuwa sai wani makon.

Sunana Zakka, mutumin ƙasar Zazzau ne ni, kuma a lokacin ina akawu a rumbun kaya na tashar jirgin ƙasa. Shi ke yi mini ɗinki, ni kuma in na je sai ya miƙo mini jarida in karanta masa yana taka keke. Haka yake yi da duk mai ido da ya shigo shagon. Abin da ya ji sau ɗaya ya zauna ke nan, har in ka yi kuskure bayan wata uku sai ya ce, "A'a, Akawu, ba haka ka karanta mini ba."

A unguwar Kwaciri, nan cikin Kano, aka haife shi. Uwarsu ta rasu yana rarrafe, yayarsa Asama'u, wadda ta girme shi da kusan shekara ashirin, ita ta ɗauke shi ta haɗa da nata ta goya. Da ya zama saurayi aka ɗebe su yaƙin Bama. Ba ya ɓoyewa cewa bai taɓa harbin kowa ba, aikinsa facin kakin soja da gidan sauro. Ya dawo da sana'a a hannu da wannan cuta ta jin labari, wadda ba ta da magani. Yana da wata magana da yake yi in aka kawo masa jita-jita: "Ban auna ba, ba zan yanka ba."

Mu kuwa a Sabon Gari muna da ƙungiyar muhawara. Mu goma sha bakwai ne, malaman makaranta da akawuna da wani mai gyaran agogo, muna haɗuwa kowace Asabar da la'asar a wani aji na makarantar mishan. Kada ka so ka ga yadda muke jin kanmu. Sai da kwat ake shiga, ko da zafi zai narka mutum, kuma ba a yin kowane yare sai Turanci. Ga yadda al'adarmu take, kuma a nan abin ya faro: a kan kawo batu, a naɗe takarda biyu a jefa a hula, ɗaya an rubuta e, ɗaya a'a. Mutum biyu su ɗauka. Abin da ka ɗauka shi za ka kare, ko ka yarda da shi ko ba ka yarda ba. In an gama, sauran su ɗaga hannu a ga wanda ya fi iya baki. Wasa ne na wasa harshe, duk mun san haka, amma ba mu taɓa tunanin wani a waje bai sani ba.

Ilu ba ya cikinmu. Ba kwat, ba Turanci sai na bariki. Amma duk Asabar sai ya ƙirƙiri dalilin kawo wa wani ɗinki, ya jingina da taga daga waje yana kasa kunne, in ya tsinci kalma ɗaya ya gina mata gida. Mukan yi masa dariya mu ce wakilin taga ya iso. Yakan ce, "Ku yi ta yi. Ai ko Majalisar Ɗinkin Duniya da ta sa tela ɗaya a ciki, da ba ta yi ta warwarewa haka ba."

A shekarar 1956 abin ya faru. Kaka ta yi kyau, ana ta tada dalar gyada a bakin layin dogo. Tun da damina Masar ta karɓe Mashigin Suwez daga hannun kamfanin Turawa, wato wannan doguwar hanyar ruwa da aka haƙa ta haɗa Bahar Rum da Bahar Maliya, wadda jiragen mai da na kaya ke bi maimakon su zagaye Afirka. A ƙarshen Oktoba Isra'ila ta afka wa Masar, Ingila da Faransa suka biyo baya da jiragen sama, Masarawa kuma suka nutsar da jirage a cikin mashigin suka toshe shi. Kai, ranar Kano ta ɗauka! Kwarori sun bar ciniki sun kewaye rediyo. Masu tura amalanke suna gardamar Rasha. Ilu kuwa ko tsinke bai ɗinka ba kwana biyu, yana yawo daga wannan rediyo zuwa wancan kamar mai neman ɓatacciyar akuya.

Asabar ɗin farko ta Nuwamba, Ambrose mai gyaran agogo ya kawo batu: cewa wannan yaƙi ya rufe hanyar alhazai ta Bahar Maliya. Ticha George, ciyaman ɗinmu, ya sa hannu a hula ya ɗauko e. Ni na ɗauko a'a.

George mutum ne da in ya tashi magana ko ƙarya ce sai ka ji tausayin gaskiya. Ya buɗe littafin taswirar yara, inda Bahar Maliya duka ba ta wuce tsawon ɗan yatsa ba, ya ɗauko kwalbar lemo ya ajiye a tebur, ya danna mata babban yatsa a baki. Ya ce ga teku, ga mashigi, an toshe baki, ta ina za a shiga? Ya kawo jiragen yaƙi, ya kawo rokokin Rasha, ya kawo tankokin da ke shiga Hangari. Ni kuwa ban shirya komai ba, don ina ganin kaina ya isa. Na tashi na yi ta kame-kame, na je Koriya na dawo, zufa na bin kwat. Aka ɗaga hannu, sha ɗaya na George, huɗu nawa, su ma don kunya.

Abin ya ci ni ƙwarai, ba na son a kayar da ni. Ran Litinin da safe ina teburin mai shayi wajen Bata, ina ta huci ina ba wani abokin aikina labari da Hausa: mutum goma sha ɗaya sun ce hanyar Makka ta rufe, huɗu kacal suka bi ni cewa a buɗe take. Wani dogon Babarbare mai jar hula da ke gefen benci ya ajiye kofinsa.

"Malam, gafara dai. Su wa suka ce ta rufe?"

Na ce ƙungiyarmu ce, ta malaman makaranta da akawuna.

"Masu karanta jaridar Turawa?"

"Su fa."

"Har goma sha ɗaya?"

A nan ya kamata in ce masa, bawan Allah, wasa ne, takarda aka ɗauka a hula. Ban faɗa ba. Yadda ya dube ni da girmamawa ya yi mini daɗi, sai na gyara wuyan riga na ce ai abin ya yi tsanani. Magana zarar bunu.

Ashe wannan mutum shi ne Alhaji Modu, madugun alhazan ƙasa. Jirgin sama na attajirai ne a lokacin. Talaka in zai je Makka da kaka yake tashi, a mota zuwa Maiduguri, a ƙetara Fallomi, a keta har Lubayya ta ƙasar Sudan, sannan jirgin ƙasa zuwa Sawakin a bakin teku, daga nan a haye Jidda. Wata da watanni ake yi, wasu su tsaya tsintar auduga a hanya. Modu yana da mutum talatin a zangon Fagge, sun ɗaure kaya, ranar Lahadi za su tashi. Kafin azahar ya tara su ya ce masu ilimi sun zauna sun yanke, hanya ta rufe, shi ba zai kai bayin Allah bakin wuta ba. Kowa ya koma garinsu sai baɗi. Ranar Lahadi buhunan gyada zai ɗauka a maimakonsu.

A cikin mutum talatin ɗin nan akwai Asama'u, yayar Ilu.

Ta haura sittin, mijinta ya rasu, ta aurar da 'ya'yanta duka, ƙafa ɗaya ta fara ciwo. Shekara da shekaru tana soya alkaki da nakiya da wannan buri a ranta. Ta riga ta yi abin da mai tafiya Makka ke yi: ta bi gida gida a Kwaciri ta nemi gafarar kowa, an yi kuka an yafe wa juna, ta rabar da tukwanenta da turminta da tabarminta, ta ɗaure kuka da daddawa da yaji a ƙunshi, ta naɗe likkafaninta a ƙasan akwati. Kowa ya san in ba ta tafi bana ba, ƙafar nan ba za ta kai ta baɗi ba.

Ran Laraba na je shagon Ilu, ban san duk wannan ba tukuna. Na tarar da shi yana ta taka keke yana 'yar waƙa, ga wandona da ya yi wata guda a wurinsa an gama an goge. Na yi mamaki. Na ce, "Malam Ilu, kai da ka bi tekun nan da jirgin soja, me ka gani game da muhawararmu?"

Bai ɗago ba. Ya ce, "Mu da ba mu yi boko ba, ina muka ga ta cewa? Masu ilimi sun gama magana."

Mutumin da ba a taɓa rufe masa baki ba ko da zare a haƙoransa! Da ina da hankali da na gane akwai wani abu. Gaskiyar magana ita ce Ilu ba ya son tafiyar nan tun farko. Ya san tsofaffi nawa suka bi hanyar ba su dawo ba, kuma ba shi da uwa sai ita. Da labarinmu ya iso masa, faɗuwa ta zo daidai da zama. Ya san ƙarya ce, ya fi kowa a Kano sanin ƙarya ce, sai ya ja bakinsa ya yi gum.

Ran Juma'a bayan an sauko daga masallaci sai ga shi a ofishinmu, abin da bai taɓa yi ba. Idonsa ja wur. Ya zauna kan wani buhu ba tare da an ce ya zauna ba.

"Akawu, an dawo da turmi."

Na ce wane turmi?

"Turmin Yaya. Maƙwabciyar da ta ba, ita ta mirgino shi da safe har tsakar gida, wai tunda tafiya ta fasa ga kayanta. Wata ta kawo tukunya. Wata ta kawo tabarma. Kowacce ta shigo sai ta ce Allah ya sa haka ne mafi alheri, Yaya ta ce amin. Ba ta yi kuka ba, Akawu. Da ma ta yi kuka. Ta zauna ta sa turmin nan a gaba tana kallonsa tun hantsi, kamar wadda aka ce ta sake sabuwar rayuwa alhali ta riga ta gama da wannan."

Sai a lokacin ya ba ni labarin Modu da zango, ni kuma nan take na tuna mai jar hula. Na faɗa masa abin da na yi. Na zaci zai zage ni, kuma da ya zage ni da na ji sauƙi.

Ya ce, "Kai ba ka sani ba ka yi magana. Ni na sani na yi shiru. Wa ya fi wani? Gobe ina so a bar ni in shiga ajin nan. Ta ƙofa."

Na ce ai sai in je in gaya wa Modu wasa ne. Ya girgiza kai. Ya ce Modu ba zai ɗauki maganar mutum ɗaya ya yar da ta goma sha ɗaya ba, balle wanda aka kayar. Inda aka ɗaura nan za a kwance.

Ban taɓa ganin Asabar irin wannan ba. Muna zaune cikin kwat ɗinmu sai muka ji hayaniya a waje. Ilu ne a gaba, da babbar rigarsa ta salla da ƙunshi a hammata, Modu a bayansa, bayan Modu kuma rabin zango, tsofaffi da sanduna da butoci, sun cika kowace taga har aji ya yi duhu. Ambrose ya tashi yana buga littafin doka a tebur, wai ba kwat, ba Turanci, ba ɗan ƙungiya ba ne. Ni kuwa zuciya ta ɗebe ni, na miƙe na ce da Hausa, yaren da ba a taɓa ji a ajin ba, doka ta ci gidansu, mun hana mutum talatin Makka da kwalbar lemo. Na faɗi abin da ya faru daga farko har ƙarshe. George ya cire tabarau, ya ce a ba Malam Ilu wuri.

Ilu ya kwance ƙunshi. Wando ne, tsohon wandon soja. Ya shimfiɗa ƙafa ɗaya a kan teburin ciyaman ya shafe ta da tafin hannu. Aka fara dariya, ya bari aka gama.

"Ticha, ranka ya daɗe, ka ce tekun nan kwalba ce. Ni na shiga cikinta, ba kwalba ba ce, ƙafar wando ce. Tana da baki sama, tana da baki ƙasa. Nan sama, wajen ƙugu, shi ne Suwez, nan aka toshe. Nan ƙasa, wajen idon sawu, shi ne Adan, a buɗe yake har gobe. To ko ma duka biyun aka ɗinke, ina ruwan alhaji? Alhaji ba tsawonta yake bi ba." Ya ɗora yatsa a gwiwar wandon ta hagu. "Ga Sawakin." Ya ja yatsan zuwa dama. "Ga Jidda. Ƙetarawa yake yi, a gwiwa. Madugu, ƙarya na yi?"

Modu ya ce daga taga, "Ƙetarawa ake yi. Amma wutar fa? In ana yaƙi a ƙugu, gwiwa ba ta jin zafi?"

"Yawwa! Tambayar ke nan." Ilu ya fara zagaya tebur, murya na tashi, rigar salla na kaɗawa. "A taswirar Ticha ɗan yatsa ne, shi ya sa kuke ganin kusa ne. Ni da salla na auna. Da jirginmu ya fito daga mashigi, limamin bataliya ya ce alƙibla tana gabanmu, can wajen hancin jirgi, ɗan karkace hagu. Muka yi ta tafiya, jirgi ba ya tsayawa dare da rana, kowace salla sai liman ya ƙara juya mu hagu kaɗan. Ran nan ya ce, to ku fuskanci gefen hagu sosai, yanzu muna daidai da Jidda, ɗakin Allah na bayan ruwan can. Wallahi ƙarti suka fashe da kuka, masu bindiga! Na ƙirga tun daga mashigi zuwa wurin nan, salla goma sha ɗaya. Akawu, kai ne na jirgin ƙasa. Daga Kano zuwa Ikko salla nawa fasinja ke yi?"

Na lissafa awannin tafiyar, na ce ba ta kai goma sha ɗaya ba.

"To jama'a, in gobara ta tashi a Ikko, mutumin Fagge zai fasa zuwa kasuwar Kurmi?"

Tagogi suka ɗauka da kabbara. Wani tsoho ya cire hula ya jefa sama, ta maƙale a katakon rufi.

Amma George ba ya faɗuwa da sauƙi, kuma na gode masa da hakan, don da bai matsa ba da Modu bai gamsu ba. Ya koma Hausa shi ma, Hausarsa ta Zazzau tsaf. Ya ce nisa ya yarda, amma yaƙi yana yaɗuwa, Rasha ta yi barazanar jefa rokoki, in manya suka kama kokawa har Sudan sai ta ji.

Ilu ya ce, "Ai tun Laraba aka tsagaita wuta, kuma ba tausayi ne ya sa ba. Ingila ta fita faɗa ba ta gaya wa Amurka ba, Amurka ta ce to kowa ya ɗebo da zafi bakinsa. Rasha ta zare ido, amma hannunta ɗaya na Hangari. Sannan man da Ingila ke sha, ta ina yake biyowa? Ta mashigin nan. Wanda ya shaƙe wuyansa da hannunsa ba ya dogon faɗa. Yanzu sojan Majalisa ake tarawa su shiga tsakani."

Ambrose, wanda ya manta da littafin dokarsa, ya ce to Saudiyya fa? Ta yanke hulɗa da Ingila, mu kuma takardunmu na Ingila ne. In an isa Jidda aka ce a koma?

Na ga Ilu ya tsaya, ya dubi wandon, ya dubi Modu. Na zaci zai ƙirƙiro amsa, don baki ya riga ya yi zafi kuma jama'a na bayansa.

Ya ce, "Wannan ban sani ba. Abin da na gani da idona na faɗa, wannan kuwa ban gani ba. Abin da zan ce kawai, da gwamnatin Ingila aka yi fushi, ban ji an ce an yi fushi da baƙin Allah ba, kuma tsakaninmu da Arfa wata takwas ne. Wanda ya tashi yanzu yana iya tarar da ƙofa a buɗe. Wanda ya zauna kuwa ya rufe wa kansa."

George ya miƙe. Ya juya wajen taga ya ce wa Modu, shi kansa bai taɓa yarda hanya ta rufe ba, takarda ya ɗauka a hula aka ce ya kare. Ya ɗauko hular ya nuna masa, da 'yan takardun a ciki. Modu ya daɗe yana kallonta.

"Wato caca kuka yi da hanyar Makka?"

Mu goma sha bakwai, da kwat ɗinmu da Turancinmu, muka sunkuyar da kai kamar yaran da aka kama a gonar rake. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba, kuma ta yi mini amfani.

Modu ya ce, "Ni mutumin da ya ce ban sani ba shi zan bi. Gobe da hantsi, kowa ya ɗaure kayansa."

Abin da ya biyo baya sai wanda ya gani. Tsofaffi suka shigo ta ƙofa, wasu ta taga, suka ɗaga Ilu sama da wandonsa a hannu. Aka rako shi daga Sabon Gari har Fagge ana kabbara, mutane na fitowa daga shaguna suna tambaya ko an ba da mulkin kai ne. A wannan yammacin ƙungiya ta soke dokar kwat, aka rubuta sunan Ilu a rajista, kuma ya yi shekara tara yana hana mu sakat da gardama. Hular kuwa ba mu sake jefa takarda a cikinta kan abin da ya shafi ran mutane ba.

Lahadi da hantsi na je zango. Mota ta cika har sama, akwatuna da buhunan gero da butoci na lilo a jiki, mata na guɗa, masu rakiya na bin kowa da a yi mana addu'a in an je. Ilu ya fi kowa kai da kawo. Ya ɗaure akwatin yayarsa da igiya har sau uku, ya yi faɗa da yaran mota kan wurin zamanta, ya ce a sa ta inda za ta miƙe ƙafa. Yana ta surutu, yana gaya mata sunayen garuruwan da za su wuce ɗaya bayan ɗaya, kamar in ya yi shiru wani abu zai kama shi.

Asama'u 'yar ƙaramar tsohuwa ce, fuskarta kamar tasa. Da aka ɗora ta, Modu ya tada inji, sai ta leƙo ta tsakanin katakon mota ta yafito shi. Ina tsaye kusa, na ji komai.

"Ilu."

"Na'am, Yaya."

"Tun ran Litinin na san hanya ba ta rufe ba. Labarin jirgin nan da sallolinsa sau nawa ka ba ni shi ina tuƙa tuwo? Na haddace shi kamar Fatiha."

Ta ci gaba da cewa:

"Na yi shiru ne in gani, ɗan da na goya zai riƙe ni da ƙarya ko zai sake ni da gaskiya. Na san abin da ya ci maka. Na yafe maka kwana huɗun, Allah ya yi maka albarka."

Mota ta ja. Ya bi ta yana riƙe da katako har bakin titi, sannan ya saki. Jama'a suka watse, aka bar mu mu biyu. Mutumin da jiya ya tsayar da Ingila da Rasha a kan tebur ya tsuguna a gefen hanya ya rufe fuska da hannun riga, ni kuma na tsaya a kansa.

Ta isa. Ta tsaya Arfa, waɗanda suka dawo sun shaida. A Madina ciwon ya kwantar da ita, a can aka binne ta. Ranar da labari ya zo na je yi masa gaisuwa, na ce, don in rage masa zafi, ai da ka san ba za ta dawo ba, da ba ka sake ta ba. Ya dube ni da idon nan nasa ya ce, "Na sani, Akawu. Tun kafin in shiga ajin na sani."